Me ya sa Hausar jarida take nauyi a baki, kuma ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida, kuma na fara aiki da wata jaridar Hausa ta intanet. Yawancin labaran da ake ba ni da Turanci suke zuwa, ni nake mayar da su Hausa. Edita yakan ce rubutuna ba ya karantuwa, alhali ina iya ƙoƙarina wajen guje wa kalmomin Turanci. Shin Hausar jarida tana da nata nahawu ne daban? Me ya kamata in fi kula da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Nahawun Hausa ɗaya ne, jarida ba ta da nata. Abin da jarida take da shi shi ne ƙarancin wuri, da ƙarancin lokaci, da kuma alhakin duk abin da ta buga. Waɗannan ukun su suka haifar da salon da ake kira Hausar jarida. Kuma tun yanzu ki kwantar da hankalinki a kan kalmomin aro, domin ba can matsalarki take ba. Gwamna, minista, kotu, asibiti, kwamiti, duk sun daɗe da zama 'yan gida, babu mai karatun da zai yi tuntuɓe da su. Mutum yana iya cika shafi guda babu kalmar Turanci ko ɗaya, amma ginin kowace jimla na Turanci ne. Wannan shi editanki yake ji a kunnensa, ko da bai faɗa miki da wannan sunan ba.

Na ce a kunnensa da gangan. Jaridar Hausa da kunne ta tashi. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, masu iya karatun boko a Arewa kaɗan ne ƙwarai. Mutum ɗaya ne zai sayi jarida ya karanta a zaure ko a gindin bishiya, sauran suna saurare. Jimlar da mai karatu ba zai iya kai ƙarshenta da numfashi ɗaya ba, ba ta da amfani a irin wannan zama. Jaridun larduna na shekarun 1950, irin su Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Bazazzaga ta Zariya, don sababbin ɗaliban yaƙi da jahilci aka yi su, saboda haka su ma dole suka bi sauƙi. Daga 1957 kuma sashen Hausa na BBC ya fara, wasu gidajen rediyon waje da na gida suka biyo, rediyo ya zama shi ne babban malamin Hausar labarai. Abin da ya canza yau shi ne yawan fassara da saurinta. Sanarwa za ta iso da Turanci, a ce cikin minti goma ta hau shafi, sai mai fassara ya bi ta kalma bayan kalma.

Ga irin abin da hakan yake haifarwa, na tabbata kin saba gani:

"Kakakin rundunar 'yan sandan jihar, wanda ya bayyana hakan a cikin wata sanarwa da aka raba wa manema labarai a ranar Talata biyo bayan harin da aka kai ƙauyen, ya ce an samu nasarar gudanar da kamen mutane uku, inda ya ƙara da cewa ana ci gaba da gudanar da bincike, wanda hakan zai kai ga gurfanar da su."

Babu kalmar da ba ta Hausa ba a nan. To amma ki karanta da ƙarfi. Tsakanin "kakakin" da "ya ce" an jibge kalmomi fiye da ashirin, kafin mai saurare ya iso ga aikatau, wato kalmar da take nuna aikin, ya manta da wa ake magana. Ainihin labarin, wato kama mutum uku, yana can tsakiya a binne. Bahaushe idan zai ba da wannan labarin cewa zai yi:

"'Yan sanda sun ce sun kama mutum uku da ake zargi da hannu a harin da aka kai ƙauyen. Kakakin rundunar ne ya faɗi haka ranar Talata. Ya ce ana kan bincike, da an gama za a kai su kotu."

Ki lura da abin da ya fita. "Gudanar da kame" ya koma "kama". Turancin hukuma yana son mayar da aiki suna, sannan ya nemo wani aikatau marar nauyi ya jingina masa, mu kuma muka ɗauko "gudanar da" da "aiwatar da" muka mai da su jakunan ɗaukar wannan kaya: gudanar da taro, gudanar da ziyara, gudanar da addu'a. A Hausa taro yin sa ake yi, ziyara kai ta ake yi. "Inda" ta fita, domin babu wani wuri da ake nunawa, an sa ta ne kawai don kada a sa aya. Haka ma "wanda hakan", wadda yanzu ta zama igiyar ɗaure kowace jimla da ta gabanta. Duk lokacin da hannunki ya tafi zai rubuta "inda ya ce" ko "wanda hakan ya sa", ki gwada sa aya ki fara sabuwar jimla. Mafi yawan lokuta za ki ga babu abin da ya ɓace.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi ba ƙarfi, wato 'yan ƙananan kalmomin da suke zuwa gaban aikatau, waɗanda malaman nahawu suke kira zagin aikatau: ya, ta, sun, suka, an, aka, za a, yana, yake, yakan. Kanun labarin Turanci yana iya zubar da irin waɗannan don ya gajarce. Na Hausa ba ya iyawa, domin su suke ɗauke da wanda ya yi aikin, da jinsinsa, da lokacin da aka yi. Ba a cewa "Gwamna rantsar da kwamishinoni". Dole a ce ya rantsar, ko zai rantsar, ko yana rantsarwa, kuma kowanne labari ne daban.

Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, kuma aikin jarida kusan duka a kansu yake tafiya. Na farko shi ne na "sun" da "an", na biyu shi ne na "suka" da "aka". Na farko da shi ake sanar da abu sabo, shi ya sa kanu da jimlar buɗe labari suke ɗaukarsa: an rufe kasuwa, malamai sun janye yajin aiki. Na biyu da shi ake jero yadda abin ya faru daki-daki: da misalin ƙarfe biyu na dare suka shiga, suka fasa shaguna, suka kwashe kaya. Shi ne kuma yake zuwa bayan "da" da "wanda" da kalmomin tambaya, don haka "mutanen da sun jikkata" kuskure ne a daidaitacciyar Hausa, "mutanen da suka jikkata" ake cewa. Akwai aiki na uku da wannan lokacin yake yi, wanda ya shafi alhaki kai tsaye. "Sojoji sun kai hari" labari ne. "Sojoji ne suka kai harin" nuna yatsa ne, ma'anarsa an yi ta gardamar wanda ya kai, ga shi mun gano. Wannan "ne" da "suka" ba ado ba ne. Kada ki sa su sai kina da hujjar da za ki tsaya a kai, ko kuma kin jingina maganar ga wanda ya faɗe ta.

A jam'i bambancin a fili yake, sun daban, suka daban, su daban. A tilo ne rubutu yake cin amanarmu. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka "ya" guda ɗaya a takarda tana wakiltar kalmomi uku a baki: mai tsawo ta "Audu ya zo, ga shi can", da gajera ta "Audu ne ya zo", da gajera mai karin ƙasa ta "a ce wa Audu ya zo". Yanzu ki dubi wannan kanun:

"Minista ya sauka — 'Yan adawa"

Me aka ce? 'Yan adawa suna ba da labarin cewa ya sauka ne, ko suna neman ya sauka? A rediyo murya za ta raba gardama. A takarda ko a fuskar waya babu mai rabawa, kuma mutane da yawa kanun kaɗai za su karanta su tura wa wasu. Irin wannan kanu na sa sunan mai magana a ƙarshe bayan ɗan layi, daga jaridun Turanci muka aro shi, kuma yana da amfani wajen tsimin wuri, amma a nan tarko ne. Gyaran shi ne ki ƙara kalma ɗaya da za ta kulle ma'ana: "Dole minista ya sauka", ko "'Yan adawa sun nemi minista ya sauka", ko idan ya saukan ne, "Tuni minista ya sauka". Haka "An rufe makarantu" da "A rufe makarantu", harafi ɗaya ne tsakanin abin da ya faru da abin da wani yake so a yi.

Korewa ma tana da nata ramin. "Ba" ta shuɗaɗɗen lokaci biyu ce, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Idan jimla ta yi tsawo, ko ana neman a rage kanu, ta ƙarshen takan faɗi. "Hukumar ba ta hukunta masu laifin ba" magana ce a kan abu ɗaya da ya wuce. "Hukumar ba ta hukunta masu laifi" hukunci ne a kan halinta na kullum. Idan kin ga "ba" ta biyu ta yi nisa da ta farko har kina laluben inda za ki ajiye ta, jimlar ce take gaya miki ta yi tsawo.

Sai "za". Turanci yana da wani salon kanu na abin da ake shirin yi, mu kuma mukan mayar da shi "Gwamnati za ta gina gidaje dubu goma". A kunnen Bahaushe wannan alkawari ne, kuma idan babu sunan mai alkawarin, jaridar ce ta ɗauka. Ki rubuta "Gwamnati ta ce za ta gina", ko "ta yi alkawarin gina". Kalma biyu kika ƙara, kin sauke wa jaridarku nauyin da ba nata ba.

Batun "an" ya cancanci a tsaya masa. Turanci yana da hanyar juya jimla, a fara da wanda aka yi wa abu, a kawo wanda ya yi a ƙarshe. Hausa ba ta da wannan ginin. "An" ma'anarta ba za a ambaci mai aikin ba, ke nan idan za ki ambace shi sai ki fara da shi. Masu fassara da sauri sukan yi ƙoƙarin haɗa biyun da "daga", a nan ne ake yin ɓarna mai girma. Ana so a ce 'yan banga ne suka ƙwato shanun da aka sace, sai a rubuta "An ƙwato shanu daga 'yan banga". Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya gama fahimtar cewa 'yan bangan ne ɓarayin. Babu wata dabara a nan illa juya jimlar: "'Yan banga sun ƙwato shanu".

Amma "an" tana da wata fuskar da ta fi wannan damuna, domin ita ba kuskuren nahawu ba ce, mafaka ce. "An rushe shaguna ɗari biyu." "An harbe mutum biyu a wajen zanga-zanga." Jimlolin lafiyarsu ƙalau. To wa ya rushe? Wa ya harba? Hausa ta ba mu wannan kalma don lokacin da ba a san mai aikin ba, ko ba shi da muhimmanci, ko ana jin nauyin ambatarsa. Ɗan jarida yakan fake da ita lokacin da ya sani sarai amma yana tsoro, ko bai yi wahalar tambaya ba. Edita nagari duk inda ya ga "an" a jimlar buɗe labari zai tambaya, wa? In kin sani ki faɗa. In ana jayayya a kai, ki kawo abin da kowane ɓangare ya ce.

Wannan ya kawo mu ga jingina magana, wanda shi ne rabin aikin. "Ya ce" ita ce kalmar da ba ta ɗaukar ɓangare, kuma babu kunya a maimaita ta sau goma a labari ɗaya. Ɗalibai sukan ga kamar maimaitawar talauci ne, sai su shiga canza ta da wasu, ba su san kowacce da kayan da take ɗauke da su ba. "Ya bayyana" tana nuna abin gaskiya ne, dama a ɓoye yake. "Ya tabbatar" tana nuna an gama magana. "Ya amsa" ko "ya amince" suna nuna dama ana tuhumarsa. "Ya bankaɗo" da "ya fallasa" da "ya tona asirin" kuwa, jarida ta riga ta yanke hukunci. Ta ɗaya gefen, "ya yi iƙirarin" tana nuna shakka, "wai" kuma ta fi ta, har tana iya zama gatse. Ki gwada rubuta "Kwamishina ya ce wai an biya albashi" ki ga ko ba za a kira editanku a waya ba. "In ji" da "a cewar" suna nan lafiya, ba su da ɓangare. Abu ɗaya kawai, ba a haɗa "ce" da "cewa", "ya ce cewa" ba Hausa ba ce.

A labarin kotu da na 'yan sanda, zaɓen aikatau yana iya kai ku gaban alƙali da ƙarar ɓata suna. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Saboda haka wanda 'yan sanda suka kama ba ɓarawo ba ne a shafinku, wanda ake zargi da sata ne. In an kai shi kotu ya zama wanda ake tuhuma. Idan alƙali ya ce a ajiye shi kafin ranar da za a ci gaba da shari'a, "tsare" shi aka yi, ba "ɗaure" shi ba, domin ɗauri sai bayan hukunci. "Kotu ta tisa ƙeyarsa gidan gyaran hali" (sunan da gidan yari ya samu a bakin jarida bayan dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar) yana da daɗin faɗi, amma bai gaya wa mai karatu ko tsarewa ce ko ɗauri ba. Haka a wajen muƙami: dakatarwa daban, kora daban, saukewa daban, tsigewa aikin majalisa ce, tuɓewa kuma ta masu rawani ce.

Mutuwa ma haka. "Rasu" ita ce ta ladabi ga mutum mai suna, "mutu" ana amfani da ita a ƙidayar waɗanda hatsari ko annoba ta ci. "Ya riga mu gidan gaskiya" da "ya kwanta dama" na ta'aziyya ne da sharhi. "Sheƙe" da "aika lahira" da ake yi wa waɗanda aka ce 'yan bindiga ne, murna ce jarida take yi, kuma ranar da ta bayyana cewa waɗanda aka kashe manoma ne, ba ta da bakin magana. "Kashe" ta wadatar. Ni a ganina kuma, duk ƙa'idar da gidanku ya ɗauka a kan "rasu" da "mutu", a yi wa kowa da ita, ba a duba addininsa ko ƙabilarsa ba.

Jinsi abu ne da Bakano ko Basakkwace ba ya tunani a kansa sai ya zo ga gajerun sunayen hukumomi. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ki nemi sunan Hausa da yake ƙarƙashin haruffan. INEC da EFCC da NDLEA hukumomi ne, don haka "ta ce". CBN banki ne, NNPC kamfani ne, IMF asusu ne, don haka "ya ce". ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, ƙungiya ce, "ta ce". Sunayen ƙasashe da garuruwa mata ne, Nijeriya ta, Kano ta, amma da kin ce "birnin Kano" ya koma "ya", domin birni ne kan maganar. Inda aka fi zamewa shi ne dirka, wato "ne" da "ce": "hanyar da za a bi shi ne" maimakon "ita ce", "gwamnati ne" maimakon "gwamnati ce". A wasu kare-karen harshe, kamar na Zariya da Bauchi da Hausar zango a Gana, bambancin jinsi ya yi rauni ko ya ɓace a magana, kuma wannan ba aibi ba ne a bakin mai shi. Amma rubutun jarida daidaitacciyar Hausa yake bi, wadda aka gina a kan karin Kano, ita kuwa tana rarrabewa.

Akwai wani abu da masu fassara kaɗai suka san zafinsa, wato Hausa takan nemi bayanin da labarin asali bai bayar ba. Turanci zai iya kawo muƙami da sunan wani jami'in ƙasar waje har sakin layi biyu ba ki san mace ce ko namiji ba. Ke kuwa tun kalma ta biyu dole ki zaɓi "ya" ko "ta", "ministan" ko "ministar". Turanci zai ce ɗan'uwan wane, ke kina bukatar sanin yaya ne ko ƙane, kawu ne ko baffa. Kada ki yi canke. Ki bincika, in kuma bai samu ba ki tsaya a "ɗan'uwansa".

Ƙa'idojin rubutu ba zan jero miki su duka ba, an yi ta zama a kansu tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966, zuwa na Yamai na 1980 da ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, kuma suna nan a littattafan makaranta. Ginshiƙinsu shi ne, wakilin suna na mallaka gajere a haɗe yake da suna, gidansa, motarta, amma wanda aiki ya faɗa wa a rabe yake, ya gan shi, an kama su. "Za a" da "ba a" da "ya ce" da "shi ne" duk a rabe. Wasu suna ganin wannan ƙaƙale ne na malamai. To ga "ya ba ta kuɗi", ga "ya bata kuɗi", ga "ya ɓata kuɗi", ki gaya mini ko minista zai yarda a rubuta masa ta tsakiyar. Ga "akan biya" na sabo, ga "a kan biya" na dalili. Baƙaƙe masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo ake buga su da haruffan dalma. Zuwan kwamfuta da saƙon waya ne ya sa aka yi sakaci da su, kuma uzurin ya ƙare tunda yanzu kowace waya tana iya rubuta su. "Gwamna ya kare kasafin kuɗi a majalisa" da "Gwamna ya ƙare kasafin kuɗi" ba labari ɗaya ba ne. Haka fada da faɗa, haka kasa da ƙasa.

Game da sababbin kalmomi, 'yan jaridar da suka gabace mu sun bar mana abin koyi: Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙuri'ar raba gardama, gwamnatin riƙon ƙwarya, jirgi mai saukar ungulu, yaƙin cacar baka, makami mai linzami. Babu ɗaya a ciki da aka bi kalmar Turanci, abin aka duba aka siffanta shi da abin da Bahaushe ya sani. A 2020 ma haka aka yi, "kulle" da "killacewa" da "takunkumi" suka ɗauki sabon aiki cikin 'yan makonni ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Wasu maganganun kuma fassarar kai tsaye ce amma sun zauna, kamar "ɗaukar mataki" da "taka rawa" da "buɗe wuta". Ni ba na yaƙi da waɗannan, mutanen kasuwa ma suna faɗarsu yanzu. "Biyo bayan" ce har yau ban ga abin da ta fi "bayan" da shi ba.

Karin magana da salon magana gishirin jaridar Hausa ne tun farko, amma wasu sun gaji. Kowane gwamna ya sha alwashi, kowane shugaban hukuma ya lashi takobi, kowace ƙungiya ta yi Allah wadai, kowane ɗan adawa ya caccaki wani, kowace ƙungiyar ƙwallo ta lallasa abokiyar karawarta ko da ci ɗaya mai ban haushi ne. Idan mutum ya ce zai duba lamarin, bai lashi takobi ba. Sannan wasunsu hukunci ne a ɓoye, "ya yi sama da faɗi da kuɗi" ko "ya yi ruf da ciki" ba a faɗarsu a kan wanda kotu ba ta kama da laifi ba, sai da "ana zargin". Ki bar su ga sharhi da shafin ra'ayi, can ne suke da 'yanci.

Tunda a intanet kike rubutu, masu karatunki ba 'yan Nijeriya kaɗai ba ne. Na Maraɗi da Damagaram da Tawa suna karantawa, kuma kalmominsu na mulki da makaranta daga Faransanci suka zo. A wajen kuɗi abin ya fi tsanani. A kasuwar Nijar "dala" tana nufin sefa biyar, "jika" sefa dubu, don haka idan kuɗin Amurka kike nufi ki ce "dalar Amurka" a ambato na farko. Idan kuma kin ɗauko maganar wani daga Sakkwato ko Gobir ya ce "munka" da "anka", ra'ayina shi ne a cikin alamar zance ki bar masa abinsa, a wajenta ki koma daidaitacciya.

Lambobi a Hausa bayan abin da ake ƙirgawa suke zuwa: naira miliyan 500, ba 500 miliyan ba, kashi 30 cikin 100, mutum 12 ko mutane 12, duka biyun sun halatta. Inda za ki yi hattara shi ne dubbai. "Dubu ɗari da hamsin" a baki yana iya zama 150,000, yana kuma iya zama 100,050. A rubutu ki sa alƙaluma, in kuma za a karanta a bidiyo ko rediyo ki ce "dubu ɗari da dubu hamsin". Miliyan da biliyan da tiriliyan harafi ɗaya zuwa uku ne tsakaninsu, ki koma ga takardar asali ki ƙirga sifirai da idonki kafin ki tura.

Lokaci ma yana da irin wannan. A lissafin Bahaushe, wanda ya bi na Musulunci, dare yana gaban yininsa, don haka "daren Juma'a" a wurin mutane da yawa shi ne daren da za a wayi gari Juma'a, wato Alhamis da dare. Sanarwar Turanci kuwa idan ta ambaci daren Juma'a, daren da ya biyo bayan yinin Juma'a take nufi. In kin fassara kai tsaye kin matsar da abin da kwana guda a wurin rabin masu karatunki. Ki rubuta "ranar Juma'a da dare", ko "daren Juma'a wayewar Asabar". "Jiya" da "yau" da "shekaranjiya" kuma na jaridar takarda ne da ake karantawa rana ɗaya a ajiye. Labarin intanet ana iya buɗe shi bayan wata shida, saboda haka ki sa sunan ranar, in abin mai muhimmanci ne ki haɗa da kwanan wata.